Dam ɗin Challawa da Ilimin da Ya Iso a Makare

Duk ɗalibin da ya gama jami'a aka turo shi bautar ƙasa Jihar Kano, a wajenmu yake fara kwana. Sansanin masu yi wa ƙasa hidima yana Ƙaramar Hukumar Karaye ne, daf da Dam ɗin Kusalla. Mun saba ganinsu: motoci su sauke su da akwatuna da bokitai, su yi mako uku suna fareti cikin fararen kaya, sannan a raba musu takardun wurin aiki su watse. A cikinsu akan samu waɗanda suka shekara biyar suna karatun injiniyan ruwa da muhalli. Sun zana madatsar ruwa a takarda, sun lissafa nauyin da ruwa ke ɗora wa bango, sun ci jarrabawa. Amma ba kowannensu ne ya san cewa a cikin wannan ƙaramar hukumar da yake fareti akwai ɗaya daga cikin manyan madatsun ruwan Arewa ba, wato Dam ɗin Challawa, wanda kusan duk abin da aka koya masa a aji yana nan kwance a bakinsa.

Mu ma da muke zaune tare da dam ɗin ba mu cika tambayar tarihinsa ba. Mun san shi da kifi da noman rani da jiragen kwale-kwale. Abin da muke so mu bibiya a nan shi ne yadda aka gina shi da wani irin ilimi, sannan wani ilimin na daban, wanda ya kamata a ce ya riga shi zuwa, ya iso bayan an gama. Wannan na biyun shi ne yau ake kira injiniyancin muhalli da tattalin albarkatun ƙasa a jami'o'inmu. Tarihin dam ɗin da tarihin wannan fanni a Nijeriya tare suka taso, har ma akwai shekara guda da suka yi kiciɓis a cikinta.

Kafin a zo da siminti

Karaye tsohon gari ne. Tarihin sarakunan Kano ya ambace shi a yaƙe-yaƙen Kano da Katsina na ƙarni na 17, zamanin Sarki Muhammadu Nazaki da Wambai Giwa. Mutanen da suka zauna a wannan yanki na yammacin Kano, daga Karaye har ƙasar Rogo da ke iyaka da Katsina da Zazzau, suna da nasu tsarin ruwa tun kafin a san wani abu wai shi injiniya. Kogin Challawa yakan cika ya tumbatsa da damina, da rani kuma ya janye ya bar yashi, a tona ƙaramar rijiya a cikin yashin a sami ruwa. Mai lambu yana ɗaga ruwa da jigo. Fadama tana riƙe danshi har tsakiyar rani, a yi rake da albasa. Makiyayi yana da burtali da mashaya, masunta suna da shugabansu da lokacin da ake shiga su. Manomi kuma ba ya sare gawo, domin ya san bishiyar da ke zubar da ganye da damina ba ta tare wa dawa rana, kuma ƙarƙashinta ya fi yabanya.

Ba mu ce wannan tsari ya wadatar ba. Idan damina ta ƙi, babu wani rumbun ruwa da za a koma wa. Kakanninmu sun ba yunwa sunaye saboda yawan ziyararta: Kakalaba a 1914, 'Yar Buhu a 1927, 'Yar Gusau a 1942. Duk wanda zai yi wa masu gina dam hukunci, ya fara tuna abin da suke gudu.

Aikin ruwa na zamani na farko da ya taɓa wannan kogi ba a wajenmu aka yi shi ba. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, Hukumar En'e ta Kano ta kafa gidan ruwa a bakin Challawa ta wajen Panshekara, aka ja famfo zuwa birni. A zamanin ne kuma duba-gari ya yi tashe, yana shiga gida yana leƙa randa da kwata da shadda. Asalin fannin da muke magana a kai ke nan: tsabtace ruwan sha da kawar da ƙazanta. A Turai ma daga nan ya faro, tun bayan da wani likita, John Snow, ya nuna a Landan a 1854 cewa daga famfon unguwa guda kwalara ke yaɗuwa. Injiniyan wancan lokaci tambayarsa ɗaya ce: yaya za a kai wa mutum ruwan da ba zai sa shi ciwo ba? Inda ruwan ya fito da inda zai nufa bayan an ɗiba ba su cikin lissafinsa.

Zamanin madatsu

A 1967 aka ƙirƙiri Jihar Kano, Audu Bako ya zama gwamnanta na farko har zuwa 1975. Shi ne ya ɗauki batun tare ruwa da gaske. Aka yi Bagauda, aka soma Tiga a 1971 aka gama a 1974, aka yi ta gina ƙananan madatsu a sassan jihar. Sai farin 1972 zuwa 1974 ya faɗo wa yankin Sahel gaba ɗaya, dabbobi suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ya fara kwararowa. Fari ya ba da hujja, fetur ya ba da kuɗi. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna guda goma sha ɗaya, ciki har da ta Haɗeja da Jama'are, wadda Challawa ke ƙarƙashinta.

Makarantu ma suka bi sahun bukatar zamanin. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Zariya a 1962 ita ce ta yaye mafi yawan injiniyoyin Arewa na farko. A 1979 aka kafa Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna domin horar da ma'aikatan ruwa. Abin da ake nema a lokacin shi ne mai iya gini: ya auna ƙarfin ƙasa, ya san irin dutsen da zai riƙe bango, ya tsara mafitar ruwa idan dam ya cika. Sun kuwa iya. Shinkafa da tumatir da alkamar da ake nomawa a Kadawa da Kura da ruwan Tiga shaida ce.

Amma tun ba a je ko'ina ba aka fara ganin abin da lissafin ya tsallake. A Bakolori, a kan Kogin Sakkwato, manoman da aka karɓe wa gonaki suka tashi neman diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka masu yawa. A Jami'ar Bayero, malamin labarin ƙasa Emmanuel Olofin ya yi shekaru yana auna yadda Tiga ta canja Kogin Kano a ƙasa da bango, yadda gaɓarsa da yashinsa da zaizayar gefensa suka sauya. Sannan a watan Agustan 1988, bayan wani mamakon ruwan sama, Dam ɗin Bagauda ya ɓalle. Duk waɗannan sun faru kafin a ɗora dutsen ƙarshe a Challawa.

Shekarar 1992

Hukumar WRECA ta Jihar Kano ce ta fara aikin Dam ɗin Challawa, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa ta zuba kuɗi, kamfanin Julius Berger ya yi ginin tsakanin 1990 da 1992. Tsayin bangon mita 42 ne, tsawonsa ya kusa kilomita 8. Idan ya cika yana riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Don a gane girman wannan adadi, kubik mita ɗaya lita dubu ce, wato duro biyar, ko jarka arba'in irin ta 'yan garuwa. Tafkin da ya taru ya rufe fili kusan murabba'in kilomita 100. A ƙarƙashinsa akwai gonaki da fadamu da kufan ƙauyukan da aka tasa aka sake musu matsuguni. Dattawan Turawa da maƙwabtansu har yanzu suna iya nuna maka da yatsa inda gonar wane take a cikin ruwa.

Babban dalilin gina shi bai tsaya a kanmu ba. An so a riƙe ruwan damina a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, domin gidajen ruwan birnin Kano su samu abin ja duk shekara, kuma aikin noman rani na kwarin Haɗeja ya samu ruwa. Ba a shimfiɗa mana magudanan ban-ruwa masu girman na Kadawa a gefensa ba. Ƙasar tamu ce, ruwan kuma mai wucewa ne.

A watan Yunin wannan shekara ta 1992, shugabannin duniya suka taru a Rio de Janeiro ta ƙasar Brazil, suka amince cewa ci gaban da zai cinye rabon jikoki ba ci gaba ba ne. A watan Disamba kuma gwamnatin Janar Babangida ta fitar da Doka ta 86, wadda ta wajabta cewa kafin a fara babban aiki irin dam, sai an binciki illar da zai yi wa muhalli da mutane, an rubuta, an bayyana. Ita kanta dokar tana da nata tarihin. A 1988 aka gano an jibge dubban ton na shara mai guba daga Italiya a garin Koko da ke tsohuwar Jihar Bendel. Kunyar wannan al'amari ce ta sa aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a ƙarshen shekarar, daga ita kuma dokar 1992 ta biyo baya.

Ke nan a shekarar da Nijeriya ta koyi yin tambaya kafin gini, a shekarar aka gama dam ɗinmu. Dokar ta iso ta tarar da ruwa ya riga ya fara taruwa. Wani abin kuma ya faru a tsakani: a watan Agustan 1991 aka cire Jigawa daga Kano, aka cire Yobe daga Borno. Lokacin da aka gina Tiga, Haɗeja da Karaye gwamna ɗaya suke da shi. Lokacin da aka gama Challawa, mai riƙe da ruwa da mai jiran ruwa sun zama 'yan jiha daban-daban.

Inda ruwan ke zuwa

Idan ruwa ya fita daga ƙofar dam, yakan bi ta kudancin birnin Kano, ya haɗu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja. Daga nan sai Wudil, sai ƙasar Jigawa, sai ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya rage ya haɗu da ruwan Jama'are ya nufi Gashuwa da Tafkin Chadi. A waɗannan fadamu, ambaliyar damina ita ce arziki. Ruwa ya malale, a shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa. Ya janye, a shuka wake da alkama a danshi, shanu su sami ciyawa, rijiyoyin garuruwan da ke nesa su cika ta ƙarƙashin ƙasa.

A 1987 aka kafa wani shiri na kula da fadamun Haɗeja da Nguru, kuma daga cikinsa ne aka samu bincike mafi muhimmanci a kan koginmu. A 1993 Ted Hollis da William Adams da Muhtari Aminu-Kano suka fitar da littafi a kan fadamun. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi wani lissafi da ba a saba yi ba: suka ƙiyasta kuɗin shinkafa da kifi da itacen da fadama ke bayarwa, suka kwatanta da abin da ruwa daidai wannan ke samarwa a manyan gonakin ban-ruwa na sama. Sakamakon ya nuna cewa kowane ɗigon ruwa ya fi riba a fadama, ninki ba ninki. A 1998 Barbier da Julian Thompson suka nuna cewa ribar da za a samu a sama ba za ta maye ko rabin asarar da za a yi a ƙasa ba, suka ba da shawarar a riƙa sakin ruwa da gangan daga Tiga da Challawa da damina, yadda zai kwaikwayi ambaliyar da aka saba.

Akwai kuma illar da ba wanda ya zata. Kogin da a da yake bushewa da rani ya koma yana gudana duk shekara. Ciyawar kacala, wadda bushewar rani ke kashewa, ta samu wurin zama. Ta toshe magudanai, laka ta taru a bayanta, ruwa ya bar hanyarsa ya koma wata. Wasu garuruwan suka yi ta nutsewa, wasu suka rasa ruwa ɗungurungum. Tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya a cikinta suna far wa gero da shinkafa. A 2001, da kuma 2010, an yi mummunar ambaliya a Jigawa, kuma a duka biyun an nuna Tiga da Challawa da yatsa. A 2010 hukumar kogin ta musanta cewa ita ta buɗe ƙofofi. Wanda zai raba wannan gardama shi ne ma'auni: ruwa nawa ya shiga dam, nawa ya fita, a wace rana. Wannan kuwa aikin wanda ya yi karatun ne.

Kafin ruwan ya kai can ma, sai ya ratsa gefen unguwannin masana'antu na Challawa da Sharaɗa, inda majemun fata da masaƙu suke. Bincike da dama daga jami'o'in Kano da Zariya sun sami sinadarin kuromiyam da ake jima da shi, da wasu ƙarafa masu guba, a ruwan da ke gangarowa cikin kogin, kuma da wannan ruwa wasu ke ban-ruwan kayan miya. Ruwan da ya bar Karaye garau ba haka yake isa Wudil ba.

Inda lakar ke fitowa

Mun yi maganar ƙasa da bango. Saura sama da shi, inda abin ya fi shafarmu. Faɗin ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikin tafkin ya kusa murabba'in kilomita 3,900, ya haɗa da ƙasar Rogo ya tsallaka cikin Katsina da Kaduna. Duk ruwan saman da ya sauka a wannan fili, in bai nutse ba, dam ya nufa. Kuma ba ya zuwa hannu rabbana. Wanda ya taɓa tsayawa bakin ƙorama bayan ruwan farko ya ga launinsa ja wur. Wannan jan, gonar wani ce take tafiya.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Ruwa mai gudu yana iya ɗaukar yashi da laka. Da ya shiga tafki ya tsaya, sai ya sauke kayansa: yashi a bakin shiga, laka mai laushi can ciki. Kowace damina sai an ƙara shimfiɗa. Dam ɗin da aka ce yana cin miliyan 900 yana nan a takarda da adadinsa, amma cikinsa yana raguwa. Ranar da ya rage da yawa, ruwan da zai ajiye wa Kano da rani zai ragu, kuma ƙarfinsa na tare ambaliya da damina zai ragu. Yashe tafki mai wannan girma kuwa kuɗinsa ya fi ƙarfin kasafin jiha. Rigakafi ya fi magani, rigakafin kuma a gona yake.

Abin da ke sakin ƙasar mun san shi, domin da hannunmu muke yi. Jama'a ta ƙaru, an daina barin gona ta huta. An sare itatuwan bakin rafi an yi gawayi. Ana noma har leɓen ƙorama. Ana yin kunya tana kallon gangare maimakon ta gitta shi. Ana kwashe karan dawa ƙaf bayan girbi, ƙasa ta kwana tsirara har ruwan farko. Hanyar shanu ko ta mota da ba a yi mata magudana ba ta zama ɗan rami, ɗan rami ya zama kwazazzabon da ke cin gona taku-taku. Ba mugunta ke sa manomi yin haka ba, bukata ce. Amma asarar biyu ce: shi ya rasa ƙasar da ke ciyar da shi, dam ya samu lakar da ke kashe shi.

Akwai inda aka juya irin wannan hali. A yankin Maraɗi, tun daga tsakiyar shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon kututturan da ke gonakinsu, suna rage rassa suna barin masu ƙarfi su girma. Suna kiran abin sassabin zamani. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar. An ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ne suka sake yin itace a kudancin Nijar ta wannan hanya, ba tare da an dasa ba. Hausawa ne irinmu, kuma ruwan samansu bai kai namu ba.

Abin da ake koyarwa yanzu

Yau fannin da ya makara ya samu gindin zama. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashe guda na injiniyancin albarkatun ruwa da muhalli. Jami'ar Bayero tana da sashen injiniyancin noma da muhalli, da tsangayar kimiyyar ƙasa da muhalli, da Cibiyar Binciken Noma a Busassun Yankuna da aka kafa a 2012. Akwai kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda take zaune a bakin wannan kogi namu. Yaron da ya fito daga Zarewa ko Yammedi da kyakkyawan sakamako a lissafi da fiziks da kemistiri ba sai ya tsallaka teku ba.

Me zai koyo? Zai koyi lissafin shigar ruwa da fitarsa. Misali, idan rana ta shanye zurfin mita ɗaya daga tafki mai faɗin murabba'in kilomita 100, kubik mita miliyan 100 ke nan sun tashi sama, kuma a ƙasarmu abin da rana ke sha daga buɗaɗɗen ruwa a shekara ya wuce mita ɗaya. Zai koyi shiga jirgi da na'urar auna zurfi ya gano yawan lakar da ta kwanta. Zai koyi karanta hoton tauraron ɗan'adam ya ga kwazazzabon da ya fi saurin ci. Zai koyi gwada ruwa a ɗakin bincike, da tsara wurin tace ruwan masana'anta kafin a sake shi. Zai san dalilin da ya sa tsargiya ke yawa inda ruwa ya tsaya, da yadda dodon-koɗi ke ɗauke da ƙwayar cutar. Zai kuma koyi abin da magabatansa ba a koya musu ba: zama da masunta da makiyaya da masu lambu, a ji wa zai samu, wa zai rasa, kafin a taɓa ƙofar dam.

Hukumomi ma sun motsa. A 2006 jihohi shida da ke shan wannan ruwa, Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauchi da Filato, suka haɗu da gwamnatin tarayya suka kafa asusun kula da kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu-Yobe. An kafa hukumar NESREA a 2007 domin tilasta bin dokokin muhalli. Shirye-shiryen Bankin Duniya irin su TRIMING da ACReSAL sun kawo kuɗin gyaran madatsu da farfaɗo da ƙasa. Wuraren aiki ga mai wannan karatu sun fi na da yawa.

To me ya rage? A ganinmu abu uku. Na farko, awo na kullum. Ilimin ruwa ba ya tsayuwa sai da alƙaluman shekara da shekaru: ma'aunin ruwan sama a makarantun ƙauye, sandar awo a bakin ƙorama, da mutumin da ake biya ya rubuta abin da ya gani kowace safiya. Na biyu, kundin da ɗalibi ya rubuta ya daina ƙarewa a kan kanta. An yi bincike da yawa a kan ruwa da kifi da lakar Challawa, amma da Turanci suke, a ɗakunan karatu suke, mai gonar da aka ɗebi ƙasarsa aka gwada bai taɓa jin sakamako ba. Shafi biyu da Hausa, a karanta a fadar dagaci ko a rediyo, zai yi aikin da kundi mai shafi ɗari bai yi ba. Na uku, mu kanmu. Idan yaro ya ce zai karanta likitanci ko lauya sai mu yi murna. Idan ya ce muhalli sai mu tambaye shi ko shara zai kwashe. Muna bukatar 'ya'yanmu, maza da mata, a wannan fanni, domin baƙo zai iya auna kwazazzabo, amma ɗan gari ne ya san gonar wa ta fara tsagewa, kuma shi ne zai iya zama gaban Baba Alhaji ya roƙe shi ya bar taku goma a bakin rafi ba noma, a saurare shi.

Ba muna cewa da ba a gina dam ɗin ba ne. Miliyoyin mutane a birnin Kano suna shan ruwan da ya ratsa ta ƙofarsa. Masunta sun samu sana'a, matasanmu suna noman rani a gefensa da injin ban-ruwa, kuɗi yana shigowa lokacin da a da sai dai a tafi ci-rani. Waɗanda suka gina shi sun yi aikin da aka ba su, kuma bangon yana tsaye sama da shekara talatin. Abin da muke cewa shi ne gini rabin aiki ne, ɗaya rabin kuma ba ya ƙarewa.

A ranar 10 ga Satumba, 2024, Dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, shekara talatin cif bayan ambaliyar 1994 a wuri guda. Mun kalli hotunan a wayoyinmu, kuma babu wanda ke zaune kusa da dam da bai yi shiru ba a ranar. A wannan shekarar ce kuma dokar masarautu ta Jihar Kano ta sa Karaye da Rogo ƙarƙashin masarauta ɗaya. Ko me mutum yake gani game da siyasar abin, taswirar ta yi daidai da ta ruwa: bangon yana Karaye, ƙasar da ke cika shi tana gangarowa ta Rogo. Hakimai da dagatan da za su iya hana sare itacen bakin rafi yanzu majalisa ɗaya suke zama.

Wani rukunin masu bautar ƙasa yana nan tafe Kusalla. Da za a ware rana guda cikin mako ukun nan, a ɗebi injiniyoyin cikinsu a haɗa su da ɗaliban sakandarenmu, a kai su kan bangon Challawa da safe, da yamma kuma a kai su bakin wani kwazazzabo a ƙasar Rogo, da an yi darasin da ya kamata a yi tun 1992. Kuɗin man mota biyu ne.